Kukan Rashin Kyanwa Ba Wauta Ba Ne

Ran Lahadi 28 ga watan Yuni na shekarar 2015, mutane wajen 3,000 suka yi cincirindo a wata 'yar ƙaramar tashar jirgin ƙasa mai suna Kishi, cikin lardin Wakayama na ƙasar Japan, domin jana'izar shugabar tashar, wadda ta mutu kwana shida kafin wannan rana. Shugaban kamfanin jirgin da kansa ya miƙe ya yi jawabi, jama'a suka jibge furanni a bakin tasha, waɗansu kuma suka ajiye gwangwanayen kifi. Mamaciyar dai kyanwa ce. Sunanta Tama, shekarunta 16 a duniya, ciwon zuciya ne ya yi ajalinta a wani asibitin dabbobi.

Duk sa'ad da labari irin wannan ya faɗo cikin hira, ko a ofis ne ko a ɗakin kwanan ɗalibai, abin da kan biyo baya sananne ne. Wani ya ƙyalƙyale da dariya ya ce ƙoshi ne ya yi wa mutanen nan yawa. Wani ya ja tsaki ya ce lalle duniya ta zo ƙarshe, tun da har dabba ta sami 'yan rakiya fiye da na mai unguwa. Ni kuwa a ganina an yi gaggawar dariyar. Akwai abin ƙi cikin al'amarin Kishi, zan kuwa faɗe shi ba rufa-rufa. Amma tushen maganar, watau mutum ya ji zafin rabuwa da dabbar da ya saba da ita, har ya zub da hawaye, ya kuma riƙa tunawa da ita bayan shekaru, wannan ba wauta ba ne, ba kuma baƙon hali ne da aka yi mana safararsa daga ƙasashen waje ba.

Bari mu fara da yadda aka yi kyanwa ta zama ma'aikaciyar reluwe. Layin dogon Kishigawa gajere ne, tsawonsa kilomita 14 da 'yan kai, ya tashi daga birnin Wakayama, ya ratsa gonaki, ya tsaya a Kishi. Kamar yadda ya auku ga layukan karkara da dama a Japan, motoci suka yawaita, fasinja ya ragu, hasara ta yi ta hauhawa, har kamfanin Nankai mai layin ya ba da sanarwa cikin shekarar 2004 cewa zai zare hannunsa. Mutanen yankin suka tashi haiƙan suna neman a ceci layin, domin shi ne ƙafar 'yan makaranta da tsofaffin da ba su iya tuƙi. Daga bisani wani sabon kamfani ya karɓi ragama cikin watan Afrilu na 2006, kuma domin a rage kashe kuɗi sai aka janye ma'aikata daga tashoshi, har da ta Kishi.

A gefen tashar akwai wata mata mai kanti, ita ke ciyar da kyanwoyin da ke zaune a wurin, cikinsu har da Tama, mai launi uku, fari da baƙi da ja-ja. Da aka ce za a kawar da 'yar bukkar da kyanwoyin ke kwana, sai matar nan ta roƙi shugaban sabon kamfanin, Mitsunobu Kojima, ya bar su su fake cikin tasha. Shi kuwa yana ganin Tama sai dabara ta faɗo masa. Ran 5 ga watan Janairu na 2007 aka naɗa ta shugabar tasha, aka ɗinka mata 'yar hula irin ta ma'aikata, aka rataya mata lamba a wuya. Albashinta abinci. Aikinta kuwa ta zauna bakin ƙofar shiga tana kallon masu wucewa, su ma suna kallonta.

Wasa-wasa ƙaramar magana ta zama babba. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauki labarin, mutane suka dinga tahowa daga manyan birane, daga baya har daga ƙasashen waje, suna yankar tikiti don kawai su ga kyanwa da hula. Wani shehun malamin tattalin arziki na Jami'ar Kansai, Katsuhiro Miyamoto, ya ƙiyasta cewa cikin shekara guda zuwan baƙin nan ya jawo wa yankin kuɗi har yen miliyan 1,100, watau wajen dalar Amurka miliyan 10 bisa canjin lokacin. Sai ƙarin girma ya yi ta zuwa a kai a kai, irin wanda ma'aikacin Gwamnati kan shekara goma yana jira bai gani ba. Cikin 2008 aka ɗaga matsayinta, aka gyara mata tsohon ɗakin sayar da tikiti ya zama ofis. Cikin 2009 aka fito da jirgi mai ɗauke da zanen hotunanta. Cikin 2010 aka rushe ginin tashar aka sake gina shi da siffar fuskar kyanwa, har da kunnuwa bisa rufi. Kafin ta mutu sunanta ya shiga jerin manyan jami'an kamfanin. Duk wannan kuwa ba ta taɓa rubuta takardar neman ƙarin girma ba, ba a kuma taɓa miƙa mata takardar tuhuma kan makara ba.

To, ga inda nake tare da masu tsaki. Bayan jana'iza, bisa al'adar addinin Shinto, an ɗaukaka Tama zuwa matsayin abin bauta, aka gina mata ɗan wurin ziyara a cikin tasha. Wannan addinin mutanen can ne, su ya shafa, kuma babu Musulmi ko Kiristan da zai bi su zuwa nan. Ba zan ja magana a kai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani daban, wanda na tabbata ma'aikata masu karanta wannan shafi za su fi kowa gane shi. A tuna fa, hular da Tama ta sa ta ɗan Adam ce. Sai da aka kwashe mutane daga tashoshi tukuna aka sami gurbin da kyanwa ta shiga. Duniya ta san sunanta, ta san ranar naɗinta da ranar mutuwarta, amma cikin dubban da suka je ɗaukar hotonta, mutum nawa ne ya tambayi ina masu yankan tikitin dā suka nufa? Bugu da ƙari, da a ce kyanwar nan ba ta jawo ko anini ba, da wuya ka ga manyan kamfani sun bar ofisoshinsu ran Lahadi sun zo makokinta. Hawayen kamfani yana da lissafi a bayansa.

Tarihi ma ya nuna cewa girmamawar da ta wuce kima ba kullum take zama alheri ga dabbar ba. Herodotus, marubucin nan na Girka wanda ya ziyarci Masar cikin ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin cewa in kyanwa ta mutu a gida, mutanen gidan sukan aske girarsu domin makoki, a shafe gawar da magani a kai ta birnin Bubastis a binne. Mai jin wannan sai ya ce kyanwa ta sami aljannar duniya. Amma da masu bincike na zamani suka haska irin waɗannan gawawwaki da na'ura, sai suka tarar da yawa daga cikinsu 'yan ƙanana ne, waɗansu an karya musu wuya. Ashe kiwon su ake yi musamman, a kashe, a naɗe, a sayar wa masu ziyara su miƙa hadaya. Ƙarshen tika-tika kuwa, cikin 1888 aka tono wani makeken rami cike da su a Beni Hasan, cikin 1890 aka yi gwanjon wajen tan 19 a birnin Liverpool na Ingila, manoma suka saya suka yi taki.

Na yarda da wannan duka. Amma a cire manyan kamfani, a cire masu ɗaukar hoto, a cire wurin ziyara. Me ya rage? Ya rage mai kantin nan wadda ta yi shekara da shekaru tana ciyar da Tama tun ba wanda ya san da ita. Ya rage duk wani ɗalibi ko ɗan ƙwadago da ya saba kowace safiya in ya doshi ƙofar tasha ya tarar da ita zaune, ran nan kuwa ya zo ya tarar da wurin wayam. Irin wannan zafi ba kamfani ne ya ƙirƙira shi ba, kuma ba sai mutum ya je Japan zai gan shi ba. Hausawa sun riga sun yanke hukunci tun tuni, suka ce sabo ake yi wa kuka. A lura, ba su ce jini ɗaya ba, ba su ce amfani ba. Sabo suka ce.

Wace dabba ce kuwa ta fi kyanwa shiga sabo da mutum a gidajenmu? Akuya tana turke, kaza tana akurki, kare yana ƙofar gida ko bayan danga. Kyanwa kaɗai ke da izinin shiga har ƙuryar ɗaki, ta hau gado, ta kwanta bisa buzun salla, ta zauna gefen murhu tana jiran a sauke tukunya. Ta san ƙarar buɗe kwanon mai ita, ta san takunsa. Su wa suka fi riƙe ta? Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse birane suka bar ta da ɗaki. Amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, miji ya fita tun safe sai dare. Yaron da ya tsince ta tana jaririya ya raine ta da guntun madara. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa, ya bar iyali a gida, in ya taso aiki ya buɗe ƙofa ba mai tarbarsa sai ita. Kyanwar da aka kula da ita takan kai shekara 12 zuwa 15, wata ma ta zarce. Shekara 15 fa ba kwana 15 ba ne. Aure da yawa bai kai haka ba.

Abin da ya sa muke ganin kukan mai kyanwa baƙo, a ganina, shi ne yadda muka tsara gaisuwar rashi. Muna da ta'aziyya, wannan ta ɗan Adam ce, haka kuwa ya kamata. Muna da jaje, wannan ta hasarar dukiya ce. In saniyar mutum ta faɗi, ko dokinsa, ko ɓarawo ya kwance masa rago, maƙwabta sukan shigo su ce Allah ya mayar da alheri, domin kowa ya san kuɗin abin a kasuwa. Bafulatanin da ya yi jugum kan saniyar da yake kira da suna ba wanda zai yi masa dariya, ko da yake shi ya san ba kuɗinta kaɗai yake jimami ba. Kyanwa kuwa ba mutum ba ce balle a yi ta'aziyya, ba a kai ta kara ba balle a yi jaje. Ta faɗa tsakani. Saboda haka mai ita sai ya haɗiye abin a cikinsa, in hawaye ya zubo ya ce hayaƙi ne. Wani masani Ba'amurke, Kenneth Doka, ya fitar da littafi cikin 1989 kan irin wannan baƙin ciki, wanda jama'a ba ta ba mai shi damar bayyana shi ba, kuma masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna lissafa rashin dabbar gida a cikinsa. Abin da suka lura da shi shi ne, baƙin cikin da aka hana shi fita ba ya gushewa don an hana shi; sai dai ya kwanta.

Wani zai ce, a ƙasar da ake binne mutane kullum saboda yunwa da cuta da ta'asar 'yan bindiga, ina mutum ya ga sararin kukan mage? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. In da wani ya ɗauki kuɗin da zai kai ɗan maƙwabcinsa asibiti ya sayi akwatin gawar kyanwa, ni ne zan fara zarginsa. Amma tsohuwar da ta ƙi cin tuwon dare ran da magenta ta mutu, hakkin wa ta ci? Tausayi ba hatsi ba ne da za a ce in an auna wa kyanwa mudu guda rabon mutane ya ragu. Abin da ido ya fi gani ma shi ne akasin haka. Yaron da aka bari yana jifan 'ya'yan kyanwa manya suna dariya, ba a cika ganin ya tashi da tausayin na ƙasa da shi ba.

Masu cewa addini bai san wannan ba kuwa, ina roƙonsu su koma ga littattafan da ke kan kantocinsu. Anas ɗan Malik yana da wani ƙane ƙarami, ana yi masa alkunya da Abu Umair, yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo gidan ya ga yaron cikin damuwa, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Bai ce da shi tsuntsu ne kawai ba, bai ce namiji ba ya kuka ba. Sai ya kira shi da alkunyarsa, kamar yadda ake kiran manya, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Asalin hadisin yana cikin Buhari da Muslim, bayanin mutuwar tsuntsun kuma ya zo a riwayar Abu Dawuda. Malamai sun ciro hukunce-hukunce masu yawa daga wannan ɗan gajeren labari, amma ni abin da ya fi kama ni shi ne shugaban al'umma guda, da dukan nauyin da ke kansa, ya ga baƙin cikin yaro kan tsuntsu ya isa a tsaya masa.

Game da kyanwa ita kanta, magana ta fi haka yawa. Kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san Abu Huraira, amma ba kowa ke tuna cewa sunan nan laƙabi ne, ma'anarsa mai 'yar kyanwa, saboda wata 'yar mage da yake ɗauka. Cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta sha ta ƙoshi, da matar ɗansa ta yi mamaki ya sanar da ita cewa Manzo ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawowa a tsakanin mutanen gida. Sai kuma hadisin da ya kamata ya hana mu barci, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Shi kuwa labarin nan da ake yawo da shi, na yanke hannun riga don kada a ta da wata kyanwa daga barci, ba ya cikin ingantattun littattafan hadisi, kuma ba mu bukatarsa. Abin da ya inganta ya wadatar.

Amma wanda ya fi kowa dacewa da maganarmu shi ne wani mawaƙin Bagadaza, Abubakar ɗan Allaf, makaho ne, ya yi zama a fadar Halifa Mu'utadid, ya rasu wajen shekarar 930 bayan ya yi tsawon rai. Yana da wani muzuru da ya shaƙu da shi ƙwarai. Muzurun nan ya ɗauki halin shiga ɗakunan tattabarun maƙwabta yana cinye 'ya'yan. Da abin ya ishe su suka yi masa tarko, suka kama shi, suka kashe. Sai tsohon nan ya zauna ya tsara masa marsiyya, wadda Ibn Hallikan, mai littafin Wafayatul A'ayan, ya ce baiti 65 ce, ya kuma lissafa ta cikin mafi kyawun waƙoƙi. A cikinta mawaƙin yana magana da muzurun kamar uba da ɗansa: yana tuna yadda yake tsare musu gida daga ɓera da maciji, yana jin zafin irin kisan da aka yi masa, sa'an nan kuma yana yi masa faɗa kan kwaɗayin da ya kai shi ga halaka, alhali ga abinci a gida. Duk wanda ya taɓa rashin wani nasa ta hanyar da mamacin ya jawo wa kansa ya san wannan haɗuwar ƙauna da haushi.

Ga inda abin yake da daɗin nazari. Tun a zamanin da, waɗansu sun ƙi yarda cewa babban mawaƙi kamar wannan zai ɓata basirarsa kan muzuru. Suka ce ai ba muzuru yake nufi ba, abokinsa yake wa kuka, watau Ibn Mu'utaz, ɗan sarautar nan mawaƙi wanda ya yi kwana ɗaya tak bisa gadon halifanci cikin shekarar 908 aka kashe shi. Tsoron Halifa Muƙtadir ne ya sa ya fake da dabba. Waɗansu suka ce a'a, ɗan wani waziri ne da aka hallaka. Ka ga ke nan masu tsaki ba yau suka fara ba. Shekara dubu da suka wuce ma akwai waɗanda ba su iya gaskata cewa namiji mai hankali zai yi wa mage kuka. Amma a duba da kyau, ko wace fassara aka ɗauka, maganata ta tsaya. In muzuru yake nufi da gaske, to ga malami, mawaƙin fada, ya yi makokin dabbarsa a bainar jama'a, manyan marubuta suka adana waƙar suna yabo. In kuwa fakewa ya yi, to ba a fakewa da abin da zai ja hankalin dogarai. Sai da ya tabbata cewa a Bagadaza ta wancan zamani mutum ya yi wa magensa marsiyya abu ne da za a ji a wuce, sa'an nan ya ɓuya a bayansa.

Wannan hali bai tsaya ga mawaƙa ba. Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, jarumin da ya gwabza da Mongol da mayaƙan Turai, an ruwaito cewa ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira domin ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Baturen nan Edward Lane, wanda ya zauna a birnin cikin shekarun 1830, ya tarar har a lokacin ana raba wa kyanwoyi abinci kowace la'asar a harabar kotun babban alƙali. A birnin Istanbul na Turkiyya kuwa, da wata kyanwar titi mai suna Tombili ta mutu cikin 2016, mutane wajen 17,000 suka sa hannu a takardar roƙo, hukumar unguwar Kadikoy ta kafa mata alama a daidai dakalin da ta saba kishingiɗa. Ba ta jawo wa kowane kamfani riba ba; mutanen unguwa ne kawai suka yi kewarta.

Yanzu sai mu juyo gida, domin yadda muzurun ɗan Allaf ya mutu haka kyanwoyinmu da yawa ke mutuwa. Kaɗan ne ke kai tsufa. Wata ta ci ɗan tsako ko ɗan shila, mai kaji ya sa mata guba cikin kifi, bai ko yi sallama da mai ita ba. Mai kaji yana da hakki, ban musa ba, amma hakkinsa a biya shi ne, a kuma gyara akurki. Da zai je ya yi magana, da sau da yawa an kashe wutar da 'yan kuɗi kaɗan. Wata kuwa camfi ne ke cin ta: don baƙa ce, ko don ta yi kuka bisa katanga da tsakar dare, sai a ce ba kyanwa ba ce, mayya ce ko aljana, a tara yara da duwatsu. Alhali kukan nan na dare yawanci na neman muzuru ne, ba wani abu ba. Abin mamaki, mu ne muka mai da kyanwar Lami misalin wanda ba ya cizo ba ya yaƙushi, mu ne kuma muke tsoron 'yar'uwarta in dare ya yi.

Akwai kuma waɗanda mai su ne ke kashe su da hannunsa cikin rashin sani, wannan kuwa ya fi ciwo. A zuba maganin ɓera a lungu, ɓera ya ci ya fito yana tangaɗi, kyanwa ta cafke shi, guba ta bi ta. Ko kuma a ga ba ta da lafiya, don tausayi a ɓallo ƙwayar farasitamol a ɗura mata, ba a san cewa hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani ba. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka nan waɗansu magungunan ƙuma da kaska da aka yi domin karnuka, in aka shafa wa kyanwa sai ta kama makyarkyata. Waɗannan abubuwa ne da likitocin dabbobi suka sani sarai, amma talaka bai sani ba, domin shirye-shiryen rediyo da na malaman gona kusan kullum kan shanu da awaki da kaji suke tsayawa. Ina kira ga ma'aikatun kula da dabbobi na jihohi su sa kyanwa cikin wayar da kan da suke yi, su kuma sanar da jama'a cewa asibitin dabbobi ba na masu garke kaɗai ba ne. Wanda ya shiga da mage a kwali kada a dube shi kamar ya ɓata hanya.

In ma wani bai ga dalilin tausayi ba, to ga dalilin lafiya. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa cikin abinci. Daga cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai, tare da rufe hatsi da nisanta juji daga gida, akwai ajiye kyanwa. Watau dabbar da muke jifa ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi.

Saura magana kan ranar da abin ya auku. Ba na cewa a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ko a yi sadakar uku, ko a nemi hutu a ofis. Kyanwa ba ta da wanka, ba ta da likkafani, ba ta da salla. Wanda ya yi mata waɗannan ya wuce gona da iri. Su mutanen Kishi sun bar kujerar Tama kwana 50 babu kowa, bisa al'adar makokinsu, kafin su naɗa wata kyanwar mai suna Nitama. Mu ba mu da wannan, ba mu kuma bukatarsa. Abin da nake nema ƙanƙane ne. In abokin aikinka ya shigo da fuska a murtuke ya ce magensa ce ta mutu, ka riƙe dariyarka, ka ce masa sannu, Allah ya ba da haƙuri. In ɗanka ne ko ƙanenka, kada ka ce da shi don Allah rufe mana baki, gobe a samo wata. Shi ba wata yake so ba, waccan yake so, kuma sau da yawa wannan ce mutuwa ta farko da ya gani da idonsa. Yadda manya suka karɓe ta a gabansa, haka zai ɗauka ake karɓar mutuwa. Malaman firamare ma suna da rawar takawa a nan, domin su ne yaro kan tarar da safe bayan ya kwana yana kuka.

Gawar kuma kada a kama ta ta wutsiya a wurga juji ko cikin kwata yaro yana kallo, kamar yadda aka saba. A ɗauki fartanya a sami gefen gida ko bakin gona, nesa da rijiya, a haƙa rami, a bar yaron ya taimaka da turbuɗa ƙasa in yana so. A zurfafa ramin yadda kare ba zai tono ba, musamman in guba ce ta kashe ta, domin duk dabbar da ta ci gawar, ko kare ko ungulu, ita ma gubar za ta iya bin ta.